Likita ya ce a rage mini tumbi, maigida ya ce sam

Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 36, da aure da yara biyu. Tsayina mita 1.62, nauyina kilo 118. Tun haihuwata ta biyu jiki ya buɗe, ya ƙi komawa. Babu abin da ban gwada ba: na rage ci, na bar zaƙi, na sha shayin rage teɓa kala-kala, na yi tattaki har gwiwa ta hana ni. Sau biyu ina sauke kilo goma, sau biyu yana dawowa har da riba. Shekara huɗu ke nan da aka ce ina da ciwon suga, ƙwaya nake sha, ba a kai ga allura ba. Ga hawan jini, ga ƙwannafi kusan kullum da dare, maigida kuma ya ce in ina munshari har numfashina yakan ɗauke. Likitan da ke duba sugana ya ce in yi tunanin aikin rage tumbi. Maigida ya ce sam, shi a haka yake so na, ba zai yarda a yanka matarsa tana tafiya da ƙafarta ba. Mahaifiyata ta ce lalaci ne, in kama bakina kawai. Ƙanwata kuma ta samo mini wani asibiti a wata ƙasa da ke yin aikin da araha, kwana biyar a dawo gida. Ni kuwa ina son ƙarin haihuwa. Wallahi na rasa na kamawa: ina tsoron aikin, ina tsoron zama a haka. Me zan yi?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne maganarki ta ƙarshe, domin duka tsoron nan biyu suna da tushe. Mutum uku masu ƙaunarki kowa ya ja ki gefensa, alhali ke ce ke kwana da ƙwannafi, ke ce ke hawa bene gwiwa na ƙara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari mu fara da lissafi, shi ne mai sauƙin.

Akwai ma'aunin ƙiba da ake kira BMI. Ana ninka tsayi sau kansa, sannan a raba nauyi da abin da aka samu. Naki 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, in aka raba 118 da shi sai a samu 45. Tun 1991 ƙa'idar da cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta fitar ta ce ana iya yi wa mai BMI 40 wannan aiki, ko mai 35 in yana da wata cuta da ƙiba ta jawo. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta: 35 ko babu wata cuta, 30 in akwai ciwon suga. Tsohuwar ƙa'ida da sabuwa duk sun hau kanki, don haka likitanki bai yi gaggawa ba, abin da ya kamata ya faɗa ya faɗa. Sai dai dacewa da aiki daban, shirya masa daban, kuma a nan ne mafi yawan maganata za ta tsaya.

Game da Mama, ki yi mata uzuri, abin da kusan kowa ya taso yana ji ke nan. Amma wadda ta sauke kilo goma har sau biyu ba a kiranta malalaciya. Jiki yana da nauyin da ya saba da shi, yana kuma tsaronsa kamar dukiya. Da zarar mutum ya rame, sinadarin yunwa da tumbi ke fitarwa, wanda ake kira girelin, sai ya ƙaru, sinadaran da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi su ragu, jiki kuma ya rage abin da yake ƙonawa ko a zaune mutum yake. An auna wannan, an ga yana nan har bayan shekara guda da ramewar. Shi ya sa kilonki ke dawowa da riba. Shayin nan kuwa ki zubar da shi yau. Yawancinsa maganin sa zawo ne ko na sa fitsari, ruwa yake fitarwa ba kitse ba, kuma ga mai suga da hawan jini ƙoda yake wahalarwa.

Shi aikin iri biyu ne suka fi yawa a yanzu, kuma duka ana yin su ta ƙananan huda huɗu ko biyar a ciki, da kyamara da dogayen kayan aiki, ba a tsaga ciki. Na farko shi ne silib, wato aikin hannun riga. Ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi, a bar siririn bututu mai siffar ayaba. Wurin da aka yanke shi ne ya fi fitar da girelin, don haka yunwar kanta takan lafa. Awa ɗaya ko ɗaya da rabi an gama, ba a taɓa hanji, amma abin da aka fitar ya fita ke nan har abada. Na biyu shi ne baifas, wanda wani likita Edward Mason ya faro a jihar Iowa ta Amurka a shekarun 1960. A nan ana raba saman tumbi a yi 'yar jaka mai girman ƙwai, a yanke ƙaramin hanji a ɗinke shi da jakar, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji, kamar yadda titin baifas ke zagaye gari. Ba a fitar da komai, amma an sake wa ciki hanya. Akwai na uku, zoben roba da ake ɗaura wa saman tumbi, wanda aka yi yayinsa a da. Yanzu ya ja baya ƙwarai, domin mutane da yawa sun koma an cire musu.

Ki riƙe wannan da kyau, domin abu ne da ke cikin wasiƙarki wanda ke kanki ba ki ɗauke shi da nauyi ba: ƙwannafin nan na dare yana iya yanke hukuncin wane aiki za a yi miki. Silib yakan ƙara ƙwannafi, saboda siririn bututun matsewa gare shi, ruwan tsamin ciki yakan yi sama. Wasu ma sai daga baya an mayar musu da silib zuwa baifas saboda wannan kaɗai. Baifas kuwa yawanci yana kashe ƙwannafi, ya kuma fi ƙarfi a kan suga. Don haka duk likitan da ya ce zai yi miki silib bai zura kyamara ta baki ya duba maƙoshinki da tumbinki ba, ki tambaye shi dalili.

Me za ki samu? Yawancin mutane suna sauke kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A jikinki wannan kilo 30 zuwa 35 ke nan, wato ki sauko wajen kilo 83 zuwa 88. Ki lura, a kilo 85 BMI ɗinki 32 ne, a takarda har yanzu mai ƙiba ce. Na faɗi wannan ne don kada ki shiga ɗakin aiki da hoton jikinki na 'yammatanci a kai, ki fito kina ganin an cuce ki. Ribar tana wani wuri. Duk kilo ɗaya da ya sauka yana ɗauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ɗaukewar numfashi a barci yakan yi sauƙi sosai, hawan jini yakan sauka, a rage magani. Suga kuwa sau da yawa yakan fara daidaita cikin kwanaki, tun kafin a ga rama, domin sinadaran hanji sun canza. A wani bincike da aka yi a birnin Cleveland na Amurka a kan mutum 150 masu suga, wanda sakamakonsa na shekara biyar ya fito a 2017, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa baifas da kashi 23 na 'yan silib sun kai 6 ko ƙasa a gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na kimanin wata uku, masu magani kaɗai kuwa kashi 5. Kin ga ba kowa ke warkewa sarai ba, amma tazarar mai faɗi ce. Kuma waɗanda suka fi dacewa su ne irinki, wanda sugansa bai daɗe ba, bai kai ga allurar insulin ba. Duk shekarar da ta wuce wannan damar raguwa take yi. A Suwidin kuma tun 1987 ake bin mutum kusan 4,000, rabi an yi musu aiki, rabi ba a yi ba. A rahoton 2020 an ga waɗanda aka yi wa aiki sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara uku.

Yanzu maigida. Maganarsa biyu ce a dunƙule. "A haka nake son ki" magana ce mai daɗi, ki karɓe ta da hannu biyu, mata da yawa masu irin matsalarki akasinta suke ji a gida. Amma amsa ce ga tambayar da ba ki yi ba, domin ba don kyau za ki yi ba. Ta biyun, wato yanka mace tana tafiya da ƙafarta, ita ce ainihin abin da ke ransa: tsoro yake ki shiga ki ƙi fitowa, a bar shi da yara biyu da nadamar ya yarda. Wannan tsoro ba a raina shi, kuma ba a kawar da shi da "babu abin da zai faru", domin wani lokaci yana faruwa. A hannun ƙwararru, a asibitin da ke yin aikin a kai a kai, mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu ne ke rasuwa sanadin aikin, kusan daidai da aikin cire matsarmama. Abin da shi bai sa a ma'auni ba shi ne ɗaya gefen. Shi da kansa ya ji numfashinki na ɗaukewa da dare. Mai suga da hawan jini da BMI 45 tana tafiya da ƙafarta, gaskiya ne, amma zuciya da ƙoda da idanu suna biyan bashin a ɓoye. Zama a haka ma zaɓi ne mai nasa haɗarin, bambancin kawai shi ba ya da ranar da aka sa masa a kalanda.

Ya kamata ku biyun ku san abin da ke iya lalacewa, da alamominsa. Wanda likitoci suka fi tsoro shi ne yoyo a wurin ɗinki, abin cikin tumbi ya tsiyaya cikin ciki. Yana samun kamar mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, galibi a makonni biyun farko. Alamarsa ta farko sau da yawa ba ciwo ba ne, bugun zuciya ne da ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, sai zazzaɓi, saurin numfashi, ko ciwo a kafaɗar hagu. Wannan ba a jira gari ya waye. Sai gudan jini a jijiyar ƙafa wanda ke iya tafiya huhu, shi ya sa tun ranar aikin ake tayar da mutum ya taka, a ba shi allurar tsinka jini da safa mai matse ƙafa. Akwai zubar jini, akwai tsukewar wurin ɗinki har abinci ya ƙi wucewa. Daga baya kuma saurin rama yakan haifar da tsakuwa a matsarmama, har wasu likitocin kan ba da maganin rigakafi na wata shida. Mai baifas tana da ƙarin biyu: gyambo a mahaɗar jakar da hanji, wanda shan taba da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ke jawowa, da kuma murɗewar hanji, wadda ke iya zuwa ko bayan shekaru. Ke mai ciwon gwiwa, in da kin saba haɗiyar waɗannan ƙwayoyi, bayan baifas kin yi sallama da su.

Amma a ganina abin da ya fi raba masu nasara da masu nadama ba ɗakin aiki ba ne, rayuwar da ke biyo baya ce, kuma ita ce ba a cika bayyana wa mutane ba. Mako biyun farko ruwa-ruwa kawai, mako biyu na gaba abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na jariri, sannan mai taushi, sai a mako na shida zuwa na takwas a koma abinci sosai. Ki kawo hoton a ranki: ɗan faranti a gabanki, ƙaramin cokali, rabin dafaffen ƙwai da 'yar tsokar kifi. Ki gutsura kaɗan, ki tauna har ya zama ruwa, ki ajiye cokali, ki jira. Minti ashirin ana wannan. In kika ƙara cokali ɗaya bayan cikin ya ce ya isa, za ki ji shi tsaye a ƙirji kamar dutse, miyau ya cika baki, wataƙila ya dawo. Ba a sha ruwa tare da abinci, sai an ba da tazarar rabin awa, amma dole a sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, kurɓi-kurɓi, kwalba a hannu duk inda za ki. Lemon kwalba mai gas ya fita daga lissafi. Kullum ana neman giram 60 zuwa 80 na furotin, daga ƙwai, kifi, kaza, madara ko wake, kuma shi ake fara ci kafin komai, tun da wurin kaɗan ne. Mai baifas in ta sha abu mai zaƙi sosai, cikin rabin awa sai zuciya ta hau bugu, zufa ta karyo, ciki ya murɗa, jiri ya ɗebe ta sai ta kwanta. Daga wata na uku zuwa na shida gashi yakan zube, ya dawo daga baya. Fata takan saki a hannu da ciki da cinya, kuma motsa jiki ba ya ɗauke ta duka.

Sai magunguna na har abada, ba na wata shida ba. Ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe kullum, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rarrabe cikin yini, bitamin D, sinadarin ayon mai ƙara jini musamman ga mace mai al'ada, da bitamin B12, wanda a wurare da yawa allura ake yi duk wata uku. Ayon da kalsiyam ba a haɗa su, sai an ba da tazarar awa biyu, in ba haka ba ɗaya ya hana ɗaya shiga jiki. Gwajin jini a wata na uku, na shida, na goma sha biyu, sannan duk shekara. Wanda ya ga ya rame ya ji daɗi ya watsar da waɗannan, bayan shekara uku ko huɗu sai ga ƙarancin jini, ga ƙafa na mutuwa, ga ƙashi ya yi rauni. Abu ɗaya na gaggawa: amai da ya ƙi tsayawa kwanaki a jere yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa da gani da tafiya, don haka ba a zama da shi a gida. In kin san a halin da kike ciki ba za ki iya riƙe sayen waɗannan da gwaje-gwajen shekara bayan shekara ba, wannan dalili ne mai ƙarfi na dakatawa, kuma babu kunya a ciki.

Akwai wasu dalilan da ke sa mutane masu hankali su ce a'a. Wani abinci ne abokin hirarsa ranar baƙin ciki. In aka ɗauke masa shi ba a ba shi madadi ba, damuwa takan danne shi, kuma an lura baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye sukan ƙaru ga wasu bayan aikin. Wani ciye-ciye ne matsalarsa, kaɗan-kaɗan duk yini, abin zaƙi mai narkewa kuwa yana wucewa ta ƙaramin tumbi ba tare da gardama ba, shi ya sa nauyi ke iya dawowa bayan shekara biyu ko uku. Ɗan dawowar kilo kaɗan kusan kowa yana gani, wasu kuma da yawa yake dawo musu. Ki tambayi kanki tsakani da Allah yaushe kike ci, kuma me kike ji kafin ki ci. In amsar ta haɗa da ɓacin rai ko kaɗaici, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara kafin aiki. Wannan ba ya hana aikin, gyara masa hanya yake yi.

In kin ce ba yanzu ba, ba a bar ki hannu rabbana ba. Akwai alluran mako-mako da suka fito a 'yan shekarun nan. Semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Wegovy ko Ozempic, a gwajin 2021 ya sauke kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyi a mako 68. Tirzepatide, wato Mounjaro, a gwajin 2022 ya kai kusan kashi 20 a mako 72. Masu suga sukan samu ƙasa da haka kaɗan, amma sugan kansa yana jin su sosai. Matsalarsu uku: tashin zuciya da cushewar ciki a farko, tsada, da kuma cewa in an daina nauyi yana dawowa; waɗanda suka bar semaglutide sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a shekara guda. Ba a kuma ɗaukar ciki a kansu, semaglutide sai an bar shi da wata biyu. Akwai kuma tsarin abinci mai ƙarancin kalori sosai, wajen 850 a yini na wata uku zuwa biyar a ƙarƙashin kulawar likita, wanda a wani gwaji a Birtaniya ya kwantar da sugan kusan rabin waɗanda suka bi shi a shekarar farko. Ga mai BMI 45 waɗannan ba su kai aiki ƙarfi ko daɗewa ba, amma hanyoyi ne na gaske, kuma duk kilon da suka sauke yana sauƙaƙa aikin in daga baya aka zo yinsa.

Maganar haihuwa ita ce mai wuyar, kuma ba zan ɓoye miki ba. Bayan aiki ana son mace ta jira wata 12 zuwa 18 kafin ciki, har nauyi ya tsaya, domin jikin da ke zubar da kilo uku ko huɗu a wata ba ya da rarar da zai ciyar da ɗan tayi. Abin mamakin kuwa, a daidai wannan lokacin ne ciki ya fi saurin shiga, saboda rama tana gyara al'ada da ƙwai. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce bayan baifas, robar mahaifa ko ashanar hannu ake so. To in aka yi miki aiki nan da wata shida, kina da shekara 38 za ki fara neman ciki. Ƙwan mace yana raguwa da shekaru, wannan gaskiya ne. Amma ciki a kilo 118 da suga da hawan jini shi ma yana da nasa: ɓari, jijjigar masu ciki, jariri mai girman da sai an yi aiki. Cikin da aka ɗauka bayan aikin rage tumbi yakan zo da ƙarancin waɗannan, sai dai jaririn yakan fi zama ƙarami, dole a sa ido a kan bitamin da awo. In ra'ayina kike so, ga mai alƙaluma irin naki aiki ya riga ciki. In kuwa kuka zaɓi haihuwa ta riga, to kada cikin ya zo ba shiri: a sauko da HbA1c ƙasa da 6.5, a canza maganin hawan jini in irin su lisinopril ko losartan ne domin suna cutar da ɗan tayi, a fara folik asid miligiram 5 tun wata uku kafin nan.

Ƙanwarki ta yi niyyar alheri, amma araha ba ta ado. Ba ƙasar ce matsala ba, akwai ƙwararru a ko'ina. Matsalar kwana biyar ɗin ce. Yoyo yakan bayyana bayan an dawo gida, doguwar tafiya a jirgi kwanaki kaɗan bayan aiki tana ƙara haɗarin gudan jini, kuma in abu ya tashi da tsakar dare za ki faɗa hannun likitan da bai san abin da aka yi a cikinki ba. Ko a ina ne, ki yi wa likitan tiyata tambayoyin nan ba tare da kunya ba: aiki nawa irin wannan yake yi a shekara, mutum nawa suka samu yoyo a hannunsa, akwai ɗakin kulawa ta musamman a asibitin, wa za ki kira ƙarfe biyun dare, wa zai riƙa duba jininki shekara biyu masu zuwa, kuma za a ba ki cikakken rahoton aikin a rubuce. Wanda ya ji haushin tambayoyin ya riga ya ba ki amsa.

Ga abin da nake so ki yi. Kada ki ce e, kada ki ce a'a, ki ba kanki wata uku na shiri, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan lokacin a yi gwajin barci. In an tabbatar numfashi na ɗaukewa a ba ki na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda kike bukata ko da aiki ko babu. A zura kyamara a duba tumbi, a gwada ƙwayar cutar H. pylori mai jawo gyambon ciki a kashe ta in akwai. A auna HbA1c, ayon, B12, bitamin D, aikin hanta da ƙoda da maƙoƙo, a cike duk abin da ya yi ƙasa. Ki ga masanin abinci, sannan ki fara rayuwar bayan aiki tun yanzu: ƙaramin faranti, furotin a farko, raba ruwa da abinci, barin lemon gas, taunawa a hankali. In kika iya riƙe wannan wata uku kin san za ki iya, in ya gagara kin gane inda gyara yake tun ba a taɓa ki da wuƙa ba. Mako biyu kafin aikin kuma za a sa ki a abinci mai ƙarancin kalori don hanta ta motse, domin a kan tumbi take kwance, in ta yi kitse tana tare wa likita hanya.

Maigida kuma kada ki tunkare shi da gardama, kada ki kai masa magana a matsayin an riga an yanke. Jikin naki ne, ke za ki zauna a cikinsa, amma shi ne zai ƙirga bugun zuciyarki a daren farko a gida, shi zai riƙe yara makonni huɗu zuwa shida da ba za ki ɗaga abu mai nauyi ba, don haka samun sa a gefenki ya cancanci haƙurin 'yan watanni. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce masa: "Na ji tsoronka, ni ma ina da shi. Ban ce a yi ba tukuna. Abin da nake roƙo ka raka ni wurin likitan, ka yi masa duk tambayar da ke ranka." Gani ya kori ji. Ki ba shi aiki ma: wani dare ya ɗauki munsharinki a waya na minti goma, ya ƙirga sau nawa numfashin ya tsaya da daƙiƙa nawa yake yi kafin ya dawo, ku tafi wa likita da shi. Mama kuma ba sai kin ci ta da hujja ba. Ki ce mata suga ake son a magance tun bai taɓa ido da ƙoda ba, ki roƙi addu'arta, ki kuma tambaye ta ko za ta zo ta zauna da jikokinta mako biyun farko in ranar ta zo.

Allah ya ba ki lafiya, ya zaɓa miki mafi alheri. In sakamakon kyamarar da na gwajin barcin sun fito, ki sake rubuto mini da alƙaluman.